Biron da ba a rubutu da shi

Ranar da na fara yi wa surukata bayanin larurar jikanta ta waya, ce mata na yi, "Hajiya, likita ya ce alaji ne da shi." Ta yi jim, sannan ta ce, "Wane Alhajin?" Abbansu yana gefe, sai da ya ƙware don dariya. Da na gyara na ce borin jini, sai ta sauke ajiyar zuciya. "To ki ce haka mana, 'yar nan, kin tayar min da hankali a banza. Borin jini har wani ciwo ne? A ba shi manja ya lasa, in ya ƙi lafawa a ɓallo masa rabin Piriton."

Ban ga laifinta ba. Borin jinin da ta sani shi ne wanda jiki zai yi ruɗu-ruɗu, a yi ta susa, kafin la'asar ya baje. Wanda na gani da idona daban ne.

Ɗan fari ne, saboda haka ku yi min uzuri, ba zan kama suna ba. Ƙannensa Yaya suke ce masa, ni ma na bi sahunsu. Yana da shekara biyu, cikin 2018, muna zaune a Landan inda Abbansu yake aiki, wata safiyar Asabar kewar gida ta ishe ni na dama kunun gyaɗa, da tsamiyarsa da komai. Cokali uku na ba shi. Kafin in ɗauraye kofin leɓensa na sama ya yi suntum, ido ɗaya ya rufe. Sai wani busasshen tari kamar haushin ɗan kwikwiyo, sai amai, sai ya yi laushi a kafaɗata kamar tsumma. Abbansu ne ya kira 999, ni salati kawai nake. Matar da ta sauko daga motar asibiti ba ta tsaya doguwar tambaya ba, ta kama cinyarsa ta yi masa allura. Ban duba agogo ba, amma ba a jima ba ya tsala kuka, kukan da ban taɓa jin mai daɗinsa ba.

Adrenalin ne ta yi masa. Daga baya a asibiti aka warware mana zare da abawa. Jikin Yaya ya ɗauki gyaɗa abokiyar gaba, da ta shiga sai ya yi wa kansa ta'adi: hanyoyin jini su saki, jini ya sauka, maƙogwaro da hanyar numfashi su kumbura su tsuke. Anafilaksis suke kiransa. Adrenalin yana ɗaure hanyoyin jinin, ya buɗe hanyar iska, ya ƙara wa zuciya ƙarfi, kuma ta tsokar cinya ya fi saurin shiga jiki. Piriton kuwa ƙaiƙayi da ruɗu-ruɗun fata yake kwantarwa, shi ma sai ya sha lokaci, ba ya buɗe maƙogwaron da ya rufe. Aka sallame mu da abubuwa uku masu kama da ƙaton biro: biyu na gaske masu magani da allura a ciki, ɗaya na gwaji wanda babu komai cikinsa sai ƙara. Nas ta nuna min sau biyu, ta ce in gwada a cinyata, ta ce na iya. Duka-duka bai kai minti goma ba.

Bahaushe da alajin gyaɗa! Ku dai tsaya ku lissafa: ƙuli-ƙuli, yajin tsire, kilishi, miyar taushe, dakuwa, kwaɗon zogale, hallaka-kwabo, man da ake suyar ƙosai. Jikan mutanen da suka tara dalar gyaɗa a Kano, a ce gyaɗa ce abin gudunsa.

Ni ba likita ba ce. Abin da na karanta a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya shi ne zanen kayan masana'antu, kuma ɓangaren yadi na bi, saƙa da rini da buga zane. Amma karatun ya bar min wata ɗabi'a da ta ƙi sakina. In na ɗauki abu, ko buta ce ko abin yankan farce, sai na tambayi kaina hannun wa maƙerin ya hango lokacin da yake zana shi. Shekara bakwai ke nan ina yawo da biron nan a jaka, kuma na daɗe da samun amsa. Hannun soja aka hango.

Ba zolaya nake ba. Wanda ya fi suna a cikinsu, EpiPen, asalinsa wata allura ce da wani kamfani a Amurka ya ƙera wa sojoji cikin shekarun 1970, domin in an watsa musu iskar guba a fagen daga kowa ya danna wa kansa makari ta saman wando. Injiniyan da aka fi dangantawa da aikin sunansa Sheldon Kaplan. Daga baya aka zuba adrenalin a irin wannan gida, hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1987. Dabarar tana da kyau, ban musa ba. Sifirin ne a ɗane a ciki, ka zare abin da ya tare shi, ka danna bakin a cinya, ya harba allurar ya tura maganin da aka riga aka auna. Babu fasa kwalba, babu zuƙa, babu lissafi. Rayukan da wannan dabara ta zama sanadin cetonsu, Allah kaɗai ya san adadinsu.

Sai dai soja ƙato ne mai ƙosasshiyar cinya, an horar da shi, shi yake yi wa kansa, kuma ya san dalili. Ɗan shekara uku ba shi da ko ɗaya cikin waɗannan. Da aka zo yin na yara, maganin aka rage zuwa rabi, daga miligiram 0.3 zuwa 0.15, aka ɗan rage tsawon allurar, aka sauya launin takardar jikinsa daga ruwan ɗorawa zuwa kore. Sauran duk na sojan ne.

Abin da ya biyo baya, duk uwar da ta taɓa riƙe yaro a yi masa rigakafi za ta iya hasashensa. Umarnin farko cewa ya yi a danna a riƙe har daƙiƙa 10. Ku ƙirga goma a tsanake, ku ɗauka allura tana cikin cinyar yaron da yake shure-shure. Wata likitar yara a birnin Siyatil na Amurka, Julie Brown, ta tattara labarin yaran da allurar ta yage musu cinya ko ta lanƙwashe a ciki saboda sun fizge ƙafa, wasu har sai da aka yi ɗinki, ta wallafa a 2015. Shekarar da ta biyo baya aka sauya umarnin: daƙiƙa 3 sun isa, kuma a danne ƙafar yaro tukuna. Kusan shekara 30 ana amfani da abu kafin a rubuta a takardarsa cewa yaro yana motsi.

Tsawon allurar ma rigima ce mai zaman kanta. Ta ƙananan yara wajen milimita 13 ce. Ga jariri ɗan tsamurmuri, in aka danna da ƙarfi naman ya lotsa, tana iya taɓa ƙashi. Ga budurwa mai jiki kuma, ta manya mai milimita 15 zuwa 16 tana iya tsayawa a kitse ba ta kai tsoka ba. A watan Satumban shekarar da aka gano ciwon Yaya, kafafen labaran Ingila ba su da zance sai binciken mutuwar Natasha Ednan-Laperouse, 'yar shekara 15 da ta ci burodi mai riɗi a ciki, ba a rubuta a jikin ledar ba, ciwon ya tashi tana cikin jirgin Landan zuwa Nis a 2016. Mahaifinta ya yi mata allura biyu a jirgin, amma kwana ya ƙare. Cikin abubuwan da mai binciken ya ɗago har da tsawon allurar. Ina goye da Yaya nake kallon labarin. Na kashe talabijin na shiga bayi na yi kukana.

Amma ranar da ta ƙure a gidanmu, ba allurar ce ta gaza ba. Ni ce.

Suna muka je gidan wasu 'yan gida cikin 2021, Yaya yana da shekara biyar. An tara yara a ɗaki ɗaya, wani mai son lada ya raba musu tsire. Ya zo ya ja mayafina ya ce, "Umma, bakina yana yaji." Muryar a dishe take, kuma na san abin da dishewar murya take nufi, an faɗa min, na karanta, na haddace. Biron yana cikin jakata. Me na ɗauko? Kwalbar Piriton. Na ba shi cokali ɗaya na ce bari mu gani. Da tarin nan ya fara na kai hannu jaka a karo na biyu, yana ganin abin da na zaro ya ruga bayan kujera yana cewa, "Na warke, Umma, wallahi na warke." Na tsaya da abu a hannu jikina yana ɓari, na manta ta ina ake farawa.

Wata baƙuwa 'yar Zazzau da take aikin nas ce ta karɓe shi daga hannuna. Ta zauna dirshan a ƙasa da lesinta, ta kwantar da shi, ta ɗora ƙafarta ta danne gwiwarsa, ta ce, "Maman Yaya, riƙe min hannuwansa." Ta saman wandon shaddarsa ta danna. Ta hana a tashe shi tsaye har motar asibiti ta zo, ta ce in an yi minti biyar babu sauƙi a kawo na biyun. Ba a kai ga haka ba. Da ƙura ta lafa ta ja ni gefe, ba da faɗa ba, ta ce, "'Yar uwa, abin da ya fi cin yaran nan shi ne bari mu gani."

Gudun da ya yi kuwa, laifin wa? Mu ne fa muke ce wa yaro in bai yi shiru ba za a kira mai allura. Na faɗa, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Na yi shekaru ina gina masa dodo, ranar da dodon ne kaɗai zai taimake shi kuma nake mamakin ya gudu. Daga ranar na daina, na kuma hana kowa faɗa a gidana. Na fito da na gwajin daga durowa ya koma cikin kayan falo. Duk Juma'a bayan cin abinci sai an yi wa ɗan tsana, an yi wa Abbansu, an yi min. Da wa'adin wani na gaske ya ƙare muka danna shi a jikin lemo yana kallo. Na tambaye shi ko ranar sunan ya ji zafi ƙwarai. Ya ce a'a, ƙarar ce ta firgita shi, wannan ƙas ɗin kamar an karya abu a cikin ƙafarsa. Ban san ko akwai injiniyan da ya taɓa zama ya tambayi ɗan shekara biyar yadda ƙarar take a kunnensa ba, amma da ni ce nake zana abin, daga nan zan fara.

Waɗanda suka kalli abin da idon wanda ya girma da shi wasu tagwaye ne a jihar Bajiniya, Eric da Evan Edwards. Su biyun da alajin abinci suka tashi, sun san yadda saurayi yake barin ƙaton biro a gida don ba ya shiga aljihu. Suka raba aiki tun daga jami'a, ɗaya ya bi injiniyanci, ɗaya ya bi likitanci da ilimin magunguna. Abin da suka fitar, Auvi-Q, bai yi kama da biro ba sam. Faɗinsa kamar katin cirar kuɗi, kaurinsa kamar ƙaramar waya, allurar tana shiga ta koma ciki da kanta. Kuma yana magana. Da ka zare shi daga kubensa murya za ta fara gaya maka abin yi, ta ƙirga maka daƙiƙun, ta tuna maka ka nemi asibiti. An amince da shi a 2012, aka janye shi daga kasuwa a 2015 saboda fargabar wasu ba sa ba da maganin daidai, ya dawo a 2017. A ƙarshen 2017 ɗin aka amince da mai miligiram 0.1 na jarirai masu nauyin kilo 7.5 zuwa 15, da allurar da ba ta kai milimita 8 ba. A Ingila ba shi ake ba mu ba, bidiyonsa kawai na gani, amma da na ji muryar nan na ce da ita ce a hannuna ranar suna, da ban tsaya kamar gunki ba.

Duk wannan zancen Turai ne. Darasin gaske a Kano na same shi, da muka je ƙaramar Sallah a watan Afrilun 2024.

Guda huɗu na taho da su a jakar hannu, da takardar likita saboda masu binciken filin jirgi. Ba a sa su cikin akwatin da zai shiga ƙasan jirgi, sanyi yana iya ɓata su. Takardar jikinsu ta ce kada zafi ya wuce digiri 25, kada kuma a sa a firji. Wanda ya rubuta wannan umarni bai taɓa kwana a Kano cikin Afrilu ba. Da rana ma'auni yana haura 40, wuta kuwa sai dai a ji labarinta. A ƙarshe cikin wata ƙaramar kular abinci na sa su, ba ƙanƙara, na jingine ta da randar Hajiya a lungun da rana ba ta kaiwa. Na tuna da marigayi Mohammed Bah Abba na Jigawa da tukunyarsa ta sanyaya abinci ba da wuta ba, tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda ta kai shi ga lambar yabo ta Rolex a 2000. Kullum da safe sai na leƙa 'yar tagar da take jikin biron. In ruwan garau yake kamar na sha, to da sauƙi, in ya sauya launi ko ya yi gari-gari an zubar ke nan. Amma garau ɗin ba ya gaya maka kwana nawa ya yi yana gasuwa.

Ƙanwar Abbansu nas ce, ta yi shekaru tana aikin rigakafin shan inna gida-gida. Ta gan ni ina ɗaga biro sama kamar mai duba ƙwai, ta yi dariya ta ce, "Anti, ku da kuke Turai ba a sa muku tambarin zafi ba?" Duk wanda ya yi aikin foliyo ya san shi. Ɗan da'ira ne a jikin kwalbar da ɗan murabba'i mai haske a tsakiya. Zafi yana cin kwalbar murabba'in yana duhu, in ya yi daidai da launin da'irar sai a jefar. Tun 1996 ake liƙa shi a kwalaben ɗigon foliyo, kuma ba sai ka yi boko za ka karanta shi ba. Ga shi a kwalbar da ake rabawa kyauta a ƙauyen da babu kwalta, babu shi a jikin na'urar da a 2016 Amurkawa suka yi ta kururuwa don kuɗin guda biyu ya tashi daga wajen dala 100 ya haura 600.

Rigima ta taso da Hajiya ta ce a bar mata yaran su kwana biyu a wurinta. "Ku tafi gaishe-gaishenku, ku bar min maigidana. Ko kishi kike yi da ni?" Ba a ce wa suruka a'a. Sai na ɗauko na gwajin na durƙusa a gefen tabarmarta na ce, "Hajiya, ko za a ɗan duba wannan, saboda tsautsayi."

Ta karɓa ta juya shi, ta duba wannan kai ta duba wancan. Ban ce komai ba, so nake in ga abin da hannunta zai yi da kansa. Ta zare hular. Ta kai wajen da ta zare hular kan cinyar Yaya, ta ɗora babban yatsa a ɗaya kan, ta danna. Ƙas. Da na gaske ne, da maganin jikanta kaf ya tafi cikin yatsanta.

Kuma ita ce mai gaskiya. Shekara saba'in, duk biron da ta gani murfinsa a kan tsinin yake. Duk sirinjin da aka yi mata allura da shi murfinsa a kan allurar yake, kuma da babban yatsa ake turawa daga baya. Wannan abu ya ɗauki siffar biro, ana kiransa biro, amma hularsa tana ƙeya, allurar tana fita ta wajen da ba a buɗe ba. Ba ita ta fara ba, a Turai ma manya da yawa, har da ma'aikatan lafiya, sun sha huda yatsunsu ta haka. Masu EpiPen suna da 'yar waƙa ta haddacewa, wai shuɗi ya kalli sama, ruwan goro ya kalli cinya. A Turanci tana da amsa-amo, a Hausa ba ta da shi. Kuma launin ba ɗaya ba ne a kowane kamfani: Jext hularsa ruwan ɗorawa ce, bakinsa baƙi, kuma daƙiƙa 10 ake riƙe shi. In aka yi ƙarancin wanda ka saba, kemis wanda ya samu zai ba ka, sai malaman makaranta da kowa a sake sabon karatu.

Na ce, "Hajiya, a ɗan sauke yatsan, a dunƙule hannu a tsakiyarsa." Na nuna. Ta kalli hannuna ta ce, "Au! Riƙon taɓarya za ki ce min." Ta dunƙule shi tsaf, yatsa ko ɗaya bai je kai ba. Na ce amma ba daka za a yi ba, ɗorawa za a yi a danna. Ta ce ta ji. Ta maimaita wa kanta: cire hula, riƙon taɓarya, gefen cinya. Abin da takarda mai ninki takwas ta kasa, kalma biyu suka yi. Sannan ta tambayi abin da takardar ba ta taɓa tambaya ba. "To in ina riƙe da wannan, wa zai riƙe min yaron?" Hoton da yake jikin namu na babban mutum ne yana yi wa kansa. Ta kira yarinyar da take taya ta aiki, ta ce ta zauna ta koyi danne gwiwa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, in ji ta.

Daren nan na kasa barci ina ta zane a kaina. A falon Hajiyar akwai alƙalamin karatun Alƙur'ani na jikoki, wanda in ka ɗora a aya yake karantowa, wasu har da fassarar Hausa. In har abin da ake sayarwa a kasuwar Kurmi zai iya wannan, me zai hana na'urar ceton rai ta ce da Hausa, "Cire hula. Danne ƙafar yaro. Ɗora a cinya. Danna"? Jimla huɗu ce. Ta faɗa da Fulatanci, ta faɗa da Barbarci.

Sai dai kafin a yi zancen murya sai an samu abin tukuna. Na zaga manyan kemis uku a gari, biyu ba su taɓa ajiye shi ba, na ukun ya ce sai dai a yi oda. Ba mu kaɗai ba ne, ƙasashen duniya da ake samun irin wannan biro a kasuwa ba su kai rabi ba. Abin da yake akwai shi ne adrenalin na 'yar kwalba, miligiram 1 a cikin mililita 1, mai araha ƙwarai. Gwaggon su Yaya ta nuna min da wadda wa'adinta ya ƙare: ka ƙwanƙwasa wuyan, ka ɓalle shi ba tare da ya yanke ka ba, ka zuƙa, ka fitar da iska, ka tsaya daidai kan layin 0.3 ga yaro kamar Yaya, ko rabin haka ga ƙarami. Ita cikin ƙiftawar ido ta gama. Ni hankalina kwance, ba wanda yake shaƙewa a gabana, sai da gilashin ya tsaga min yatsa. Wata likita a Kanada, Estelle Simons, ta taɓa gwada iyaye a kan haka a 2001. Sun fi minti biyu kafin su zuƙa, kuma abin da suka zuƙo ya bambanta ninkin-ba-ninkin daga wannan zuwa wancan.

Tsakanin biron dala ɗaruruwa da kwalbar da take yanka yatsa akwai fili fetal da ba kowa a cikinsa. Gwaggon ce ta sake tuna min da Sayana Press, allurar tazarar haihuwa da ake yi wa mata a Najeriya da Nijar, wadda 'yar jakar roba ce kamar ƙwayar dabino da allura a baki, an riga an auna maganin, matsewa kawai ake. Ita a ƙarƙashin fata ake yin ta, adrenalin kuwa tsoka yake so, saboda haka ba kwafa za a yi ido rufe ba, aikin masana ne. Amma irin tunanin nake nufi. A Kef Tawun, likita Heather Zar ta nuna tun 1999 cewa gorar roba ta rabin lita, in aka huda ta aka liƙa da kyau, tana yi wa yaro mai asma aikin da bututun shaƙa na kamfani yake yi. Ba ta jira an rage farashi a Turai ba.

Saura shi mai cinyar. Da Yaya ya kai shekara bakwai ya fara jin kunyar jakar maganinsa, wata ja mai ƙaton gicciyen asibiti, wadda take shelanta wa duk filin wasa cewa ga mara lafiya nan. Sau biyu ina tsintar ta a ƙarƙashin kujerar mota. Na so in ɗinka masa mai hoton 'yan katun, sai na tuna da ƙanwarsa 'yar shekara uku wadda duk abu mai kyalli nata ne. Abin nan yana da wuyar sha'ani: ana so ɗan shekara takwas ya iya buɗe shi cikin ruɗu, ba a so 'yar shekara uku ta buɗe shi cikin wasa, ana so yaro ya so shi, ba a so ya zama abin wasa. A Kano aka raba gardama. Na kai awo wurin wani baduku ya ɗinka masa 'yar jakar jar fata mai ɗaukar biyu, da maɗauri a ƙugu, ta kwanta a ƙarƙashin riga ba ta tokare. Murfinta maɓalli ɗaya ne mai ɗan tauri. Hajiya ta gani ta ce, "To, maigida ya samu guru." Da muka dawo Landan abokansa suka yi ta tambaya inda ake sayarwa. Tun daga nan ban sake tsintar ta a mota ba.

Wata huɗu da dawowarmu, a Agustan 2024, Amurka ta amince da neffy, adrenalin na feshin hanci, babu allura kwata-kwata. Da farko na masu kilo 30 zuwa sama ne, a Maris na 2025 aka ƙara na yara 'yan shekara huɗu zuwa sama masu kilo 15 zuwa 30. Ya fi biro daɗewa kafin wa'adinsa ya ƙare, kuma masu shi sun ce yana jure zafin da ya kai digiri 50 na ɗan lokaci. Da na karanta wannan layi Kano ce ta faɗo min a rai, ba Landan ba. Yaya ya ce a canza masa gobe-gobe. Na ce sai abin da likitansa ya ce, sabon abu ne, kuma ni hannuna ya riga ya saba da taɓarya.

Kwana biyun da Hajiya ta nema a Kano kuwa, yaran sun yi su a wurinta lafiya ƙalau. Ta sa an wanke turmi da tukwane, ta kori man gyaɗa daga kicin, ta hana mai ƙuli-ƙuli tsayawa a zaure, har ta yi faɗa da maƙwabciyar da ta aiko da dakuwa. Ranar da za mu taho ta ce a bar mata na gwajin. Yana cikin kwanon da take ajiye carbi da maganin hawan jininta. Gwaggo ta ce duk jikan da ya shigo gidan sai an kwantar da shi an danne masa gwiwa, har almajirin da yake ɗebo mata ruwa ya iya. Shekaranjiya da muka yi waya ta ce hular ta ɓata, ta sa an share ɗaki ba a gani ba, in za mu zo babbar Sallah in taho mata da wani.